Kafin ki fara allurar rage ƙiba, ga yadda na bi

Shekara biyu da suka wuce nauyina ya kai kilo 96, tsawona kuwa mita 1.60 ne. Gwiwa ta hana ni sakat, sallah ma a zaune nake yi, ga hawan jini. Tun da maƙwabta a Unguwar Rogo suka ga na ragu suke tambayar sunan allurar. Ba na faɗa sai na ba su wannan bayanin tukuna.

Fara da awo. Ki ninka tsawonki da kansa, sai ki raba nauyinki da abin da ya fito. Nawa 96 ne a raba da 2.56, ya ba da 37.5. Wannan lambar ita likitoci ke kira BMI. Ana rubuta maganin ne ga wadda tata ta kai 30, ko 27 idan akwai ciwon suga ko hawan jini. In ɗan tumbin bayan haihuwa ne kawai ke damunki, ba naki ba ne.

Daga nan sai asibiti, ba kemis ba. Ki tafi da duk magungunan da kike sha, har na gargajiya. Ni an auna min suga, ƙoda da hanta kafin a rubuta komai. Ki gaya wa likita in kina da juna biyu, kina shayarwa, ko kina neman haihuwa, domin semaglutide, wato maganin da ke cikin allurar, ana daina shi wata biyu kafin ɗaukar ciki. Haka in kin taɓa kumburin fankiriyas, gaɓar nan ta cikin ciki mai daidaita suga, ko wani a danginku ya yi ciwon dajin tayiroid, gaɓar da ke gaban wuya. Kada kunya ta sa ki ɓoye.

Da orlistat na fara, ƙwayar da ake sha tare da abinci har sau uku a rana. Tana hana jiki tsotse kusan kashi ɗaya cikin uku na maiƙon da aka ci, sauran ya fita ta bayan gida. Ranar da na ci masa da miya mai manja na ga aikinta, wallahi ban iya fita ba. Tana kuma rage wa jiki bitamin A, D, E da K, shi ya sa aka ba ni ƙarin bitamin na sha da dare.

Bayan wata uku ban rage kashi 5 cikin ɗari na nauyina ba, sai likita ya mayar da ni kan semaglutide, wanda ake sayarwa da sunan Ozempic don ciwon suga, Wegovy kuma don ƙiba. Allura ce sau ɗaya a mako, a fatar ciki ko cinya. Tana sa abinci ya daɗe a ciki, tana kuma kashe kwaɗayi. Ana farawa da miligiram 0.25, a riƙa ƙarawa duk bayan mako huɗu. Don Allah kada ki yi gaggawar tsallake mataki. Ko a hankalin ma na sha tashin zuciya da taurin bayan gida. Abin da ya taimake ni shi ne ci kaɗan-kaɗan, barin soye-soye, da yawan shan ruwa. Faten acca da ganye, ƙwai, wake, kifi, da kabejin Farin Gada su suka riƙe ni, saboda in ba ki ci mai gina jiki ba, tsoka ce za ta zube tare da kitsen. Ciwon ciki mai tsanani da ke ratsawa har baya, ko aman da ya ƙi tsayawa, wannan asibiti ne nan take.

Allurar da ba a buɗe ba tana son firji, digiri 2 zuwa 8, kuma in ta daskare ta lalace. Sanyin Jos ba zai maye gurbin firji ba. Tawa a gidan yayata mai sola nake ajiyewa.

Ki saya a famasi mai rajista, da takardar likita, ki duba lambar NAFDAC. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun semaglutide da aka kama a Burazil, Ingila da Amurka, to ina ga wanda ake tallatawa a WhatsApp? Shayin rage teɓa ma ki bar shi. An sha gano sibutramine a irinsa, maganin da aka janye a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Abin da ya fi damuna shi ne kuɗi, don ba wanda ya zaunar da ni a kansa. Maganin na da tsada, kuma ba na wata ɗaya ba ne. A babban gwajin da aka yi, mutane sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a mako 68, amma waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage a shekara guda. Ni ma da kuɗi suka yanke min na wata biyu, kilo huɗu suka dawo. Saboda haka ki zauna da maigida ko duk mai taimaka miki, ku yi lissafin shekara kafin allurar farko. In kuma watan azumi ya matso, ki koma wurin likita tun a Sha'aban ku tsara ranar allura da abin sahur, musamman in kina shan maganin suga.