Doguwar tafiya a jirgin ruwan shaƙatawa: ta dace da ango da amarya a tsakiyar dattawa?

Ta dace, amma kada ta zama tafiyarku ta farko a kan teku. Shekarun mutanen da za ku tarar a jirgin su ne ƙaramar matsala. Babbar ita ce yawan ranakun da jirgin zai yi bai tsaya ko'ina ba, ku biyu a ɗaki ɗaya, ruwa gabas, ruwa yamma. Wanda ya iya lissafa waɗannan ranaku kafin ya biya kuɗi ya gama rabin aikin.

Yawan dattawa a irin wannan tafiya ba abin mamaki ba ne. Ma'aikaci a Turai ko Amurka ba kasafai yake samun hutun wata guda a jere ba, iyaye kuma ba sa cire yara daga makaranta. Wanda ya yi ritaya ne ke da lokaci da kuɗi gaba ɗaya. Shi ya sa tafiyar kwana 3 zuwa 7 ke cika da matasa da masu iyali, daga kwana 10 furfura ta fara yawa, in an haura 14 kuwa ita ce ke da rinjaye. Tafiyar zagaya duniya, wadda yawanci ke tashi a watan Janairu ta yi fiye da kwana 100, kusan duk ta 'yan fansho ce. Kamfani ma yana da tasiri. Cunard da Holland America da Princess an san su da manya. MSC da Royal Caribbean da Costa sun fi jan matasa da iyalai. Akwai Saga na Ingila da ba ya sayar da tikiti ga wanda bai kai shekara 50 ba, sai ɗan rakiyar da ya kai 40, don haka in wakilin tafiye-tafiye ya kawo muku shi, bai san aikinsa ba.

Ku karɓi jadawalin tafiyar ku ƙirga ranakun da aka rubuta cewa jirgi na kan teku. Zagayen mako ɗaya a Bahar Rum, irin wanda ke bi ta Barcelona da Marseille da Genoa da tashar da ke kusa da birnin Rum, yawanci yini ɗaya kawai ake yi ba a sauka ba. Kullum da safe sabon gari ne, kuna waje tun hantsi har la'asar, ba ma za ku lura da shekarun kowa ba. Jirgin Queen Mary 2 kuwa, da ke ƙetare Tekun Atlantika daga Southampton zuwa New York, dare 7 yake yi babu zango ko ɗaya. Akwai kuma tafiyar da kamfanoni ke yi don mayar da jiragensu daga Turai zuwa Amurka a Oktoba da Nuwamba, su dawo da su a Afrilu. Tana da araha sosai a kowane dare, kuma arahar ce ke ruɗar mutane: kusan mako biyu ce, a tsakiyarta akwai kwana 6 ko 7 a jere da ba za a ga ko tsibiri ba.

Me ake yi a irin waɗannan ranaku? Lacca kan tarihi ko taurari, ɗakin karatu, wasan kati, gasar kacici-kacici, shan shayin la'asar, rawar Turawa ta da, wasan kwaikwayo da dare. Akwai wurin motsa jiki da tafkin ninkaya, kuma a jirgin dattawa babu cunkoso a cikinsu. Da ƙarfe 11 na dare mafi yawan jama'a sun kwanta. Ga ma'auratan da ba sa shan giya, ba sa caca, ba sa zuwa gidan rawa, wannan shirun riba ne. A gajerun tafiye-tafiyen ƙarshen mako ne ake samun hayaniyar mashaya har asuba, kuma amaryar da ta fito daga Tudun Wada ko Unguwar Rimi za ta fi sakewa da hijabinta a tsakiyar tsofaffi masu karatun littafi fiye da can. Amma in ɗayanku mutum ne da ba ya iya yini bai fita majalisa ba, ko wadda ba ta iya awa biyu ba ta yi waya da gida ba, kwana na uku a kan ruwa za a fara jin haushin juna ba gaira ba dalili.

Zama da manya ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi a gidan Hausa, sai dai akwai bambanci. Tsohon Bature ba ya son a nuna masa ya tsufa. Kada ku karɓe masa faranti ko ku kama masa hannu ba tare da tambaya ba, ku kira shi da sunan da ya ba ku ko da bakinku ya yi nauyi. Za su yi muku tambayoyi da yawa kan Najeriya da aure da sutura, galibi don son sani ne. Ku bar musu lif, ku bi matakala, musamman lokacin abinci da masu keken guragu ke layi. Kuma ku rage murya a lungun ɗakuna da dare, bangon ba shi da kauri.

Wuri biyu ne shekarun fasinjoji ke shafar ku kai tsaye. Na farko cin abincin dare. Manyan jirage na da zama biyu, ɗaya wajen ƙarfe 6, ɗaya wajen 8 da rabi, kuma idan ba ku yi magana ba za a iya haɗa ku teburi ɗaya da mutum shida ko takwas har ƙarshen tafiya. Tun lokacin sayen tikiti ku nemi zama na biyu da teburin mutum biyu. Dattawa sun fi son na farko, na biyun kuma yana iya ba ku damar yin magariba cikin natsuwa. Idan an riga an haɗa ku, ku je wurin shugaban ɗakin cin abinci a ranar farko, kafin teburori su ƙare. Na biyu yawon da jirgi ke shiryawa idan an tsaya a gari. Motar bas mai mutum 40 da tafiyar wanda ya fi kowa rauni take tafiya, rabin lokaci yana ƙarewa a hawa da sauka da neman banɗaki. Kamfanoni na rubuta matakin wahalar kowane yawo, ku zaɓi mai tafiyar ƙasa da yawa, a nan za ku haɗu da tsirarun sa'anninku. Kuna iya fita da kanku, ya fi araha, sai dai ku san haɗarinsa: ana rufe shiga kusan minti 30 kafin tashi, kuma jirgi yana jiran motar da shi ya shirya ne kawai. Wanda ya makara, shi zai nemi kuɗin bin jirgi zuwa tasha ta gaba, wataƙila a wata ƙasar da ba shi da bizarta. Ku saita agogon hannu da lokacin jirgi, domin waya na iya sauya lokaci da kanta.

A doguwar tafiya ɗaki ba wurin kwana ne kawai ba. Mafi arha shi ne na ciki, marar taga, faɗinsa bai fi murabba'in mita 14 zuwa 16 ba, kuma da an kashe fitila ba a bambance rana da dare. Ya isa ga mako ɗaya mai yawan sauka. Ga mako biyu, ku ƙara kuɗi ku ɗauki mai baranda. Nan amarya za ta sha iska ba mayafi, nan za ku ga ketowar alfijir da faɗuwar rana da idonku. Ku zaɓi tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, inda lilo ya fi sauƙi. Goshin jirgi da hawa na can sama su suka fi juya ciki. Ku duba taswirar jirgin kada ɗakinku ya faɗo ƙarƙashin kicin ko bakin tafki, inda ake jan kujeru tun asuba.

Mutumin Kaduna da iyakar saninsa da ruwa kwalekwalen bakin kogi ne bai san ko teku za ta juya masa ciki ba sai ya hau. Ku tafi da maganin amai na matafiya, irin Stugeron da ake samu a kantunan magani, a sha kafin jiri ya fara, ba bayan an fara amai ba. Yana sa barci, mai juna biyu kuma ta tambayi likita tukuna. Citta na taimakawa, haka kallon can nesa inda sama ta haɗu da ruwa. Cutar da ta fi yaɗuwa a jirage ita ce ta amai da gudawa, kuma sabulu da ruwa sun fi man goge hannu maganinta. Asibitin jirgi na kuɗi ne da dala, don haka inshorar da za ku saya ta ambaci tafiyar teku da ɗauke marar lafiya daga jirgi. Wani abu da ke kama sababbin ma'aurata: yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mace da cikinta zai shiga mako na 24 kafin tafiya ta ƙare. Idan kuna biya tun watanni takwas kafin lokaci, ku karanta wannan sharaɗi da kyau. Jiragen da ke tashi daga Amurka kuma suna son wanda ya kama ɗaki ya kai shekara 21, suna sassautawa ga ma'aurata idan an nuna takardar aure. Ku sa ta a jaka ko ta halin yaya.

Kayan amarya na buƙatar tacewa. Wuta ce abin da jirgi ya fi tsoro, don haka kasko da gawayi da turaren wuta ba za su wuce bincike ba, har da na lantarki mai zafi. Haka dutsen guga da butar lantarki da kyandir. Humra da turaren kwalba ba laifi. Kilishi da dambun nama ku bar su a gida idan Turai za ku, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama daga waje. Yaji a kwalba mai murfi kuwa ku ɗauka, abincin dattawan Turawa lami ne. Ku sa ƙaramar butar roba, babu ita a banɗakin jirgi, kuma kada a jefa komai a masai in ba takardarsa ba, bututunsa siriri ne, yana toshewa har ya shafi maƙwabta. A daren ado na musamman ba sai ango ya sayi kwat ba: babbar riga da hula, ko kaftani mai aiki, sutura ce ta ƙasa da ake karɓa, leshi ko atamfar amarya ma haka.

Abincin halal sai an sanar da kamfani a rubuce makonni kafin tafiya, kuma ba kowanne ke iya samarwa ba. Inda babu, kifi da ƙwai da kayan lambu da shinkafa suna nan kullum. Ku riƙa tambaya ko an sa giya a miya ko a kayan zaƙi, ana yawan yi. Alƙibla na sauyawa duk lokacin da jirgi ya karkata, kuma ƙarfen jirgi na rikita kamfas ɗin waya. Talabijin ɗin ɗaki na da tashar da ke nuna taswira da inda goshin jirgi ya dosa, da ita za ku gane alƙibla. A ƙetaren Atlantika ana sauya agogo da awa ɗaya a mafi yawan darare, don haka rana za ku bi wajen lokutan salla. Kiristoci kuma suna samun taron addu'a ranar Lahadi a jirage irin na Cunard. Wanda yake son ya huta da duk wannan bincike yana iya duba kamfanin Saudiyya AROYA, da ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, ba giya ba caca a jirginsa.

Farashin da ke kan talla ba shi ne ƙarshe ba. Yawancin kamfanonin Amurka na ɗora ladan ma'aikata, wajen dala 16 zuwa 20 a kan kowane mutum kullum. A dala 18, mutum biyu, dare 14, ya kama dala 504 kafin ku sha ko lemo. Intanet ma kuɗinsa daban, kowace waya da nata. Da jirgi ya bar gaɓa ku sa waya a yanayin jirgin sama, in ba haka ba layinku zai hau na'urar sadarwar teku, ta cinye kuɗin da ke ciki cikin mintuna. Ana buɗe muku asusu da katin banki ranar shiga, kuma katin naira na iya ƙin aiki ko ya ci karo da iyakar da banki ya sa, don haka ku tanadi katin dala ko tsabar kuɗin ajiya.

Biza ce ke rusa tafiyar ɗan Najeriya fiye da komai. Kowace ƙasa da jirgi zai tsaya sai an duba dokarta, ko da ba ku da niyyar sauka, domin a tashar farko za a hana ku hawa idan takarda ɗaya ta gaza, kuma ba a mayar da kuɗi. Idan jirgi zai fita daga ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, misali ya leƙa Tunisiya ko Turkiyya ya dawo, bizar shiga sau da yawa ake buƙata. Haka jiragen MSC da ke tashi daga Durban zuwa Mozambik tsakanin Nuwamba da Afrilu: komawa Afirka ta Kudu shiga ta biyu ce. Fasfo ya kasance da sauran wata 6 bayan ranar dawowa, katin rigakafin shawara na hannu. Ana karɓar neman bizar Schengen tun wata 6 kafin tafiya, kamfanonin jirage kuma kan nemi cikon kuɗi wata biyu zuwa huɗu kafin tashi, daga nan tarar sokewa ke fara hauhawa. To ku biya kafin alƙalami irin wanda ake mayarwa, ku nemi biza nan take da takardar da kamfani ya ba ku, kada ku cika kuɗi ko ku sayi tikitin jirgin sama sai fasfo ya dawo da hatimi. Sannan ku tsara isa garin da za a tashi kwana ɗaya cur kafin ranar, ku ma kwana a Abuja kafin jirgin samanku. Jirgin ƙasan Rigasa ko hanyar mota na iya cin awannin da ba ku yi lissafi da su ba.