Yadda Ake Aiki da Tsohon Rubutun Ajami a Ɗakin Adana Takardu

Ɗalibin da zai duba rubutun hannu a Gidan Arewa da ke Kaduna, ko a sashen adana takardu na Jami'ar Bayero, ko a cibiyar binciken Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ya fara zuwa da wasiƙar gabatarwa daga sashensa, da fensir, da littafin rubutu. Biro ya zauna a jaka: zanensa ba ya gogewa.

Ka wanke hannu da sabulu ka bar shi ya bushe sarai, ko da alwala ka yi don taɓa Alƙur'ani. Tawadar da aka haɗa da gawayi da ƙaro danshi kaɗan ke narkar da ita. Wadda aka dafa da bagaruwa da ƙarfe kuwa cin takarda take yi, sai ka ga harafi ya zama huda. Kada ka lashi yatsa don buɗe shafi. Safar hannu ma ba ta da amfani, domin tana hana ka jin bakin takardar, har ka yaga ta.

Babban abin kiyayewa shi ne jerin warƙoƙi, wato fallayen takarda. Littattafanmu na da ba ɗinke su ake yi ba, a warware suke a cikin bango da gafaka, kuma galibi babu lambar shafi. Mai kwafi yakan rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a can ƙasan bayan wadda ta gabace ta. Ita ce jagorarka. Ka ɗauki warƙa ɗaya, ka karanta, ka kife ta a hannun dama a kan 'yar'uwarta, ka tabbatar kalmar ƙasan ta dace da farkon ta gaba. In ba ta dace ba, ko dai wata ta ɓace, ko an cuɗa littattafai biyu a gafaka ɗaya, abin da yake faruwa da yawa. Kada ka gyara jerin da kanka. Ka rubuta inda ka ga giɓin, ka nuna wa ma'aikaci.

Rubutun irin na Magariba ne. Harafin fa ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama. Ɗigo mai kauri a ƙarƙashin harafi imala ce, wasalin "e" ke nan a ajamin Hausa. Wanda ya yi makarantar allo da Warshu ba zai sha wahala ba.

Sai ramzi. Mawallafa sukan ɓoye shekara a cikin kalma guda a ƙarshen waƙa, kuma da lissafin haruffa na Magariba ake warware ta, inda kowane harafi ke da adadinsa, shin kuma take 1000. Ɗauki shin, ra, lam, ba: 1000 da 200 da 30 da 2, wato 1232, shekarar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu. Da lissafin Gabas, inda shin take 300, sai ka samu 532, ka yi kuskuren ƙarni bakwai. Don mayar da ita Miladiyya, ninka da 0.97 ka ƙara 622, za ka samu 1817, ko da yake lissafin kan kauce da shekara ɗaya. Ka kuma tuna ramzi shekarar wallafa yake nunawa. Kwafin da ke gabanka yana iya zama na jikan almajirin mawallafin. Saboda haka ka raba sunan mawallafi da na mai kwafi da na mai littafin, kowanne a layinsa.

Takardar ma shaida ce. In an yarda, ɗaga warƙa da hannu biyu ta fuskanci haske. Hoton jinjirin wata uku da kan bayyana a jikin takardar alamar takardar Italiya ce da fatake suka riƙa kawowa ta Sahara. An daɗe ana yin ta, don haka ba ta isa ta yanke shekara ita kaɗai ba.

In an ba ka izinin ɗaukar hoto, kashe filashi, ka fara da lambar rajistar littafin, sannan gaba da bayan kowace warƙa har gefenta, don sharhin malamai a gefe yake. Yagaggiyar warƙa kada a liƙa mata salatif, gam ɗinsa na ratsa takarda ya bar tabo. Ka ga fumfuna ko ɓarnar gara, rufe littafin ka sanar nan take, kafin a mayar da shi kusa da sauran.