Darasi na 7: Yadda sabon irin wake ke samun izini kafin ya iso gona

Tsutsar da malaman gona ke kira maruka ita ce babbar abokiyar gābar wake. Tana shiga cikin fure ta cinye, ta huda kwanso ta ɓuya a ciki, inda maganin feshi ba ya isa sosai. Shi ya sa manomi kan yi feshi sau 6 zuwa 8 a damina ɗaya, wani lokacin kuma a tashi a tutar babu.

Saboda wannan tsutsa aka samar da waken SAMPEA 20-T. Masana sun ɗauko ƙwayar halitta guda daga wata ƙwayar cuta da ke zaune cikin ƙasa, ana ce mata Bt, suka sanya a jikin wake. Idan tsutsar ta ci ganye ko fure, sai cikinta ya lalace ta mutu. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ita ta jagoranci aikin a Nijeriya tare da AATF, gidauniyar fasahar noma ta Afirka.

Wa ke ba da izini?

Wata doka ta 2015 ta kafa NBMA, hukumar da ke sa ido kan ire-iren da aka sauya wa ƙwayar halitta a Nijeriya. Ba wanda ke da ikon shigo da irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, ko gwada shi, ko sayar da shi, sai da takardarta. Ana fara gwaji a killataccen fili mai shinge da mai gadi, kuma abin da aka girbe ba ya zuwa kasuwa. Na wake an fara shi a Zariya tun 2009. Ana duba ko yana cutar da mai ci, da dabbobi, da ƙwari masu amfani irin su ƙudan zuma. Kafin hukumar ta yanke hukunci tana sanar da jama'a, ta ba da kwana 21 domin mai ƙorafi ya rubuto. Wannan dama ta kowa ce, har ƙungiyar manoman ƙauye, sai dai sanarwar kan fito a jaridun Turanci, inda mafi yawan masu noman waken ba sa gani.

NBMA ta amince a Janairun 2019, kwamitin sakin sababbin iri na ƙasa ya yi masa rajista a Disambar wannan shekara. Shekara 10 ke nan daga gwaji zuwa izini. Masarar TELA, wadda ita ma aka sauya wa ƙwayar halitta, ta bi wannan hanya, aka sake ta a 2024.

Batun kuɗi kuwa, gwamnati ce ke riƙe da cibiyar da albashin ma'aikatanta, amma kaso mai yawa na kuɗin aikin waken daga USAID, hukumar ba da agaji ta Amurka, ya fito. Masu suka na kafa hujja da wannan, kuma tambayarsu tana kan hanya: binciken da ya dogara da aljihun baƙo, ranar da baƙon ya janye ina aka nufa? A 2024 Majalisar Wakilai ta nemi a binciki shigo da ire-iren waɗannan iri.

Abin da manomi zai kiyaye

Ka sayi iri a rufaffiyar leda mai ɗauke da shaidar hukumar iri ta ƙasa, NASC. Wake tsaba a kwano ba ya nuna asalinsa, komai rantsuwar mai sayarwa.

Kada ka daina feshi gaba ɗaya. Nan ne aka fi yin asara. Waken yana kashe maruka ne kaɗai, ba ruwansa da ɗarɓa da ƙwarin da ke tsotse kwanso. Ana buƙatar feshi sau 2: lokacin da ya fara fure, da lokacin da ya ɗaura kwanso. Haka ƙwaron ajiya zai ci shi kamar kowane wake, don haka a busar da shi sosai a zuba a buhu mai hawa uku, a ɗaure kowane hawa daban.

A bar 'yan kunyoyi na waken gida kusa da gonar, domin tsutsotsin da ba su jure sabon irin ba su ci gaba da hayayyafa a can. Idan gari duka ya koma iri ɗaya, tsutsotsin da suka jure ne kaɗai za su hayayyafa, bayan 'yan shekaru irin ya daina aiki.

Wake yana barbarar kansa, saboda haka abin da ka girbe zai sake tsirowa da halinsa, muddin bai gauraya da wani a masussuka ba. Masarar TELA 'yar aure ce: idan ka mayar da abin da ka girbe gona, amfanin zai ragu, sai an sayi sabon iri kowace damina.