Yadda na cire fentin bonet ɗin Peugeot 504 ba tare da ƙarfen ya lanƙwashe ba

Motar tsohuwa ce, irin waɗanda aka haɗa a Kaduna, fenti a kan fenti, ga kuma fila, wato abin da ake cike lotsawar jikin mota da shi, a ƙarƙashi. Samfefa a jikin giranda tana toshewa nan da nan, fentin ya narke ya manne mata kamar cingam. Abin da ya fi damuna zafi ne. Ƙaramar giranda na juyawa wajen sau 11,000 a minti, ƙarfen bonet kuwa bai kai milimita ɗaya ba. Ka tsaya wuri guda, ya yi shuɗi ya lotsa.

Sai na koma wani faifan cire fenti mai kama da soso, baƙi mai tauri. Yana cin fenti da tsatsa, ya bar ƙarfe. Na sa shi a injin da ake rage wa gudu, ina tafiya ba dannawa, ina taɓa wurin da bayan hannu. Da ya yi ɗumi in koma wani gefen.

Daga nan samfefa mai kaushi mai lamba 80, sannan mai laushi mai lamba 180. A ranar na fesa fentin shimfiɗa na epoxy, domin da damina ƙarfe tsirara ba ya kwana sai ya yi tsatsa. Kada ka taɓa aikin nan ba takunkumi da tabarau, ƙurar tsohon fenti na iya ƙunsar dalma.