Yadda Ake Ɗaukar Hoton Jikin Tsohon Jirgin Ruwa Ya Fito Kamar Zanen Fenti

Jirgin da ya daɗe yana shan ruwa da rana, ana ta yi masa fenti kan fenti, jikinsa kan ɓare ya nuna launukan da ke ƙasa, tsatsa kuma ta zubo daga ƙusoshi ta bar layuka. Aikinka shi ne ka yanko ɗan yankin da mai kallo ba zai gane jirgi ne ba.

Ka nemi jirgin da aka fito da shi tudu domin gyara, ka nemi izinin mai shi. Fara dubawa daga inda ruwa yake tsayawa a jikinsa, nan launuka suka fi haɗuwa. Fentin ƙasan jirgi yawanci yana ɗauke da sinadarin jan ƙarfe mai hana halittun ruwa mannewa, saboda haka kada ka kankare shi, ƙurarsa guba ce.

Yanki mai faɗin santimita 30 zuwa 60 ya isa. Fitar da igiya, sararin sama, lambar jirgi da kan ƙusa daga hoton. Ƙusa ɗaya tak ta isa ta tona girman abin, daga nan ido ya daina ganin zane, ya koma ganin katako ko ƙarfe.

Inda aka fi yin kuskure shi ne tsayuwar kyamara. Dole fuskarta ta yi daidai da fuskar jirgin, ba ta karkace ba. Jikin jirgi a lanƙwashe yake, in ka matso sosai tsakiya za ta fito tar, gefuna su dushe, dushewar nan kuwa ita ke nuna hoto ne. Ja baya ka yi amfani da gilashin gaban kyamara (lens) mai milimita 90 zuwa 105, irin mai jawo abu kusa. Sa ƙofar haske, wato ramin da haske ke shiga kyamara ta cikinsa, a f/8 ko f/11 (lambar na ƙaruwa, ƙofar na tsukewa), ISO kuma, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 100. Kada ka kai f/22 da sunan neman kaifi, ƙofar in ta tsuke da yawa tana tausasa hoton gaba ɗaya. Ɗora kyamarar kan sanda mai ƙafa uku, ka sa jinkirin daƙiƙa 2 don kada hannunka ya girgiza ta. In lanƙwasar ta yi yawa, ɗauki hotuna 3 zuwa 5, kowanne da wurin da ka saita kaifinsa, ka haɗe su a kwamfuta.

Ranar da gajimare ya rufe rana launi ya fi fitowa cikakke. Hasken safiya da ke zuwa daga gefe yana fito da kaurin fentin da ya ɓare, kamar an shafa shi da wuƙa, amma inuwarsa kan yi duhu. Rana tsaka ba ta da amfani. In jikin ya jiƙe yana ƙyalli, sa gilashin CPL, wato matatar rage ƙyalli da ake ɗaurawa a gaban gilashin kyamara, ka juya shi har ƙyallin ya mutu.

Ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, mai sauƙin gyaran launi daga baya, domin bango ja ko shuɗi zalla yana rikita ma'aunin launin kyamara. Wajen gyara, gwada juya hoton gefe ko ƙasa sama, amma kada ka ƙara launi fiye da kima, tsatsa takan koma ruwan lemo. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da bugu mai kyau har kusan santimita 50 da 34, kuma takardar auduga marar sheƙi ta fi dacewa da shi.