Yadda ake cin amfanin sinadaran tsirrai don rage kumburin cikin jiki

Ka raba tuffa biyu ka ajiye a faranti. Kafin ka gama wanke wuƙa, fuskar da ka yanka ta fara dafewa tana komawa ruwan ƙasa. Ɓarin da aka matsa wa lemun tsami kuwa zai daɗe yana fari. Iskar oksijin ce ta taɓa naman tuffar, bitamin C da tsamin lemun suka tare mata hanya. Daga irin wannan ne mutane suka ɗauka cewa jikin ɗan Adam ma haka yake, a ɗura masa sinadaran antioksidan, wato masu tare ɓarnar oksijin irin su bitamin C, shi ke nan an huta. Lamarin ya wuce nan, kuma wanda bai san yadda garkuwar jiki ke aiki ba yana iya sa kuɗinsa ya sayo wa kansa ciwo.

Da farko, ka san wane kumburi kake son ragewa. Idan ƙaya ta soke ka a yatsa, wurin yana yin ja, ya yi zafi, ya tasa, ya riƙa zogi. Wannan kumburi aikin ceto ne. Fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil, waɗanda su ne mafi yawa a cikin fararen ƙwayoyin jinin baligi, su ke fara isa wurin. Suna haɗiye bakteriya, sannan su watsa musu sinadaran oksijin masu ƙuna da suka ƙera da kansu, har da irin sinadarin da ke cikin ruwan bilic. Mugunyar da ka gani daga baya, yawancinta gawarwakin waɗannan sojoji ne. Akwai yaran da ake haifa da nutrofil ɗin da ba sa iya ƙera wannan makami, kuma rayuwarsu cike take da maruru da cututtukan huhu masu dawowa. Saboda haka ba a neman kashe wannan wuta gaba ɗaya. Wanda ake tsoro shi ne kumburin da ya ƙi mutuwa, mai ci a ɓoye shekara da shekaru babu zafi babu ja, wanda ake alaƙantawa da ciwon zuciya da ciwon sukari da ciwon gaɓoɓi.

Na biyu, ka fahimci abin da sinadaran tsirrai suke yi a zahiri, domin a nan ne sauran matakan suka rataya. Abin da ke shiga jini daga cikinsu ɗan kaɗan ne, bai kai ya share sinadaran oksijin kamar yadda soso ke tsane ruwa ba. Aikinsu ya fi kama da na ɗan saƙo. A cikin ƙwayar halitta akwai wani makunni da ake kira NF-kB, wanda idan ya tashi yake sa makrofej, wato manyan fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye ƙwayoyin cuta, da sauran ƙwayoyin garkuwa su fitar da sinadaran kiran yaƙi irin su TNF da IL-6. Akwai kuma wani mai suna Nrf2, wanda ke umartar ƙwayar ta ƙera nata magungunan kariya. Gwaje-gwajen da aka yi a kan ƙwayoyin halitta da dabbobi sun nuna cewa sinadarai kamar kwasetin na albasa da kurkumin na kurkum suna sassauta makunnin farko, salforafen na dangin kabeji kuma yana tayar da na biyu. Wato suna ɗan tsikarar jiki ne ya tashi ya kare kansa. Wannan ne ma ya sa Ma'aikatar Noma ta Amurka ta janye jadawalinta na ƙarfin antioksidan na abinci a 2012, domin alƙaluman da ake samu a kwalbar gwaji ba sa nuna abin da ke faruwa a jikin mutum.

Na uku, ka fara da yawa da launi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cin aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a kullum, kimanin kashi biyar ke nan, kuma dankali da sauran saiwoyi masu sitaci ba sa cikin lissafi. Kowane launi da abin da yake ɗauke da shi: ja na tumatir laikofin ne, ruwan lemu na karas beta-karotin, shuɗi da ja mai duhu na inabi antosayanin. Idan farantinka launi ɗaya ne daga farkon mako zuwa ƙarshensa, to sinadari ɗaya kake ta maimaitawa.

Na huɗu, kuma wanda na fi so mutane su riƙe, shi ne yadda ake sarrafa kayan kafin su kai baki. A nan ake asarar da ba a gani. Ɗauki tafarnuwa. Sinadarin alisin, wanda shi ke ba ta wannan wari mai ƙarfi, babu shi a cikin ƙwarar da ba a taɓa ba. Sai an daka ko an yanka ne wani inzayim, wato sinadari mai hanzarta sauya wani sinadari, ke haɗuwa da abokin aikinsa su samar da shi, zafin wuta kuma yana kashe wannan inzayim. To ka daka ka bar ta ta huta kamar minti 10 kafin ta shiga tukunya. Za ka ji warin yana ƙara tashi a wannan ɗan lokaci, alamar aikin yana tafiya.

Kabeji da burokoli ma haka suke. Paul Talalay da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins ne suka fitar da salforafen daga burokoli a 1992 suka nuna ƙarfinsa wajen tayar da kariyar ƙwayoyin halitta, kuma shi ma sai an yanka ko an tauna ganyen yake samuwa. Ka yanka da wuri, ka bar shi ya ɗan jima, sannan ka turara shi minti uku ko huɗu, ya fito da sauran kauri da korensa. Idan ka tafasa shi a ruwa mai yawa har ya yi lugub, ka tsiyaye ruwan, bitamin C da wasu sinadaran sun bi ruwan sun tafi. Tumatir da karas kuwa akasin haka ne. Laikofin da beta-karotin a mai suke narkewa, don haka dafa su da ɗan mai yana sa hanji ya fi tsotse su fiye da cin su ɗanye tsura. Albasa kuma, kada ka ɓare ta da yawa, domin kwasetin ya fi taruwa a ɓawon da ke kusa da waje.

Na biyar, ka kula da hanjinka. Kaso mai yawa na sinadaran folifenol, wato dangin su kwasetin da antosayanin, ba ya shiga jini daga ƙaramin hanji, sai ya gangara babban hanji inda bakteriya masu amfani ke farfasa shi zuwa ƙananan sinadarai da jiki ke iya ɗauka. Su dai waɗannan bakteriya ne ke mayar da harzar abinci zuwa butiret, wanda ke taimaka wa ƙwayoyin garkuwa masu kwantar da tarzoma. Shi ya sa cin lemu da tsakinsa ya fi shan ruwansa da aka tace, kuma wake da hatsin da ba a surfe ba suna cikin wannan aiki.

Na shida, ka yi hattara da ƙwayoyin ƙarin sinadari na cikin kwalba. Wannan yana damuna ƙwarai, domin masu sayensu mutane ne masu neman lafiya da gaske. A Finlan an yi gwaji a kan maza masu shan taba sama da 29,000, wasu aka riƙa ba su miligiram 20 na beta-karotin kullum. Sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a cikin waɗanda suka sha. Wani gwajin makamancinsa a Amurka sai da aka dakatar da shi a 1996 saboda dalili iri ɗaya. Karas bai taɓa yi wa kowa haka ba. Koren shayi abin sha ne mai kyau, amma a 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi cewa shan miligiram 800 ko fiye na sinadarinsa EGCG a kullum ta hanyar ƙwaya yana iya taɓa hanta. Kurkumin da ƙyar yake shiga jini, shi ya sa ake haɗa shi da sinadarin masoro don ƙara tsotsuwarsa, kuma an samu mutanen da irin wannan haɗi na ƙwaya ya ji wa hantarsu rauni. Ɗan kurkum da masoro a cikin girki daban ne da wannan.

Daga ƙarshe, idan kana kan magani, ka gaya wa likitanka kafin ka sauya abinci sosai. Garehul, wani babban ɗan itace dangin lemu mai ɗan ɗaci, yana hana hanta da hanji sarrafa wasu magungunan hawan jini da na rage kitsen jini, sai su taru a jiki fiye da ƙima. Mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, ya riƙe adadin korayen ganyen da yake ci bai ɗaya, kada ya ƙara ko ya rage kwatsam, saboda bitamin K da ke cikinsu. Mai ƙarancin jini ya raba shan shayi da lokacin cin abinci, domin shayi yana rage tsotsuwar sinadarin ƙarfe. Idan kuma kana son sanin inda kumburin jikinka yake, akwai gwajin jini da ake kira CRP. Ka yi shi lokacin da ba ka fama da mura ko wani rauni, ka ajiye sakamakon, ka sake bayan wasu watanni a kan sabon tsarin cin abincinka, likita ya duba maka su biyun tare.