Yadda Ake Gyara Murfin Tsakiyar Sifika Idan Ya Lotsa

Murfin nan mai kama da ƙoƙo da ke tsakiyar sifika, aikinsa hana ƙura shiga ramin da naɗin waya yake motsi a cikin maganaɗisu, kuma mazauna Jos sun san irin ƙurar hunturu. A babbar sifika mai kaurin sauti, da wuya lotsawa ta sauya abin da kunne ke ji. A ƙarama mai siririn sauti kuwa, ƙoƙon da kansa yake fitar da amo, saboda haka lotsawarsa tana iya dusashe shi.

Da farko, a kashe na'urar, a zare wayarta.

Sannan a manna salatif na takarda a kan lotsawar, ba tare da dannawa da ƙarfi ba, a ja shi waje a hankali, a maimaita daga gefe zuwa tsakiya. Idan ya ƙi tasowa, a kifa bututun kwali a kansa a tsotsa da baki, domin wannan ya fi injin share ƙura aminci.

Allura ita ce dabara ta ƙarshe: a huda murfin da ita a ɗago lotsawar, kuma lallai a toshe hudar da ɗigon gam.

Murfin alminiyam da ya karye, gara a kai wa masu gyara a Taminus, yankin kasuwa da ke Jos, su sauya shi.